DAGA ALLO ZUWA GAWO: RAYUWA DA SALON ZANEN IBRAHIM EL-SALAHI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama, ya kuma bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kansa. Mun san wasu za su yi mamakin jin tsohon hedimasta ya zo gaban manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da labarin wani mai zane ɗan ƙasar Sudan. Muna roƙon a yi mana haƙuri, domin akwai wani bashi da ke kanmu, kuma ta wannan hanya muke son mu fara biya.

GABATARWA

A shekarun da muka yi muna riƙe da makarantun firamare, akwai wani darasi a jadawali mai suna zane da aikin hannu. A Kwalejin Horon Malamai an koya mana yadda ake koyar da shi, amma da muka kama aiki sai muka mayar da lokacinsa na shara da ɗebo ruwa. Idan ƙarshen zango ya zo, kowane yaro ya kawo tsintsiya ko mafici, wanda sau da yawa a kasuwa aka sayo masa, mu ba shi maki a wuce wurin. Yaron da muka kama yana zane a bayan littafin lissafi kuwa, ranar sai ya sha bulala. Da hannunmu muka yi wannan, ba mu ɗora wa kowa laifin ba. Sai bayan da muka ajiye aiki, muka sami sukunin karance-karance, muka ci karo da tarihin Ibrahim El-Salahi, sa'an nan muka fara tunanin yara nawa ne masu irin baiwarsa suka bi ta ƙarƙashin bulalarmu.

Za mu bi rayuwar wannan bawan Allah daki-daki, mu bayyana yadda salon zanensa yake da inda ya samo shi, daga ƙarshe mu faɗi abin da ya shafe mu a ciki.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Ibrahim El-Salahi a shekarar 1930 a birnin Umdurman, wanda kogin Nilu ya raba shi da Khartum. Mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan ke kira khalwa. A nan yaron ya fara riƙe alƙalamin kara, ya koyi rubuta baƙaƙe a kan allo, ya wanke, ya sake rubutawa. A al'adar makarantun can, idan almajiri ya kai wani mataki na karatu akan ƙawata masa allonsa da zane-zane masu launi, abin da suke kira sharafa. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani a garuruwanmu, ya san abin da ake nufi. Wannan kamanni ba abin mamaki ba ne, domin ɗaruruwan shekaru kakanninmu suna ratsa Sudan a ƙasa zuwa aikin Hajji, wasu ma suka zauna can, kamar mutanen garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu.

Daga makarantar allo Salahi ya shiga ta boko. Ya yi karatun zane a sashen zane na Kwalejin Gordon da ke Khartum, daga nan ya sami tallafin gwamnati zuwa Landan, inda ya yi karatu a Makarantar Slade daga 1954 zuwa 1957. Slade tana cikin manyan makarantun zane na Ingila. A can aka koya masa zane irin na Turawa: yadda ake auna jikin mutum, yadda ake nuna nisa da kusa a kan takarda, da yadda ake sarrafa fentin mai har hoto ya fito kamar a taɓa shi. Ya kuma yi amfani da zamansa na Landan wajen duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ke ajiye a gidan tarihin Birtaniya.

DAWOWA GIDA DA DARASIN FARKO

A 1957, shekara guda bayan Sudan ta sami 'yancin kai, Salahi ya dawo gida ya kama koyarwa a Kwalejin Zane-zane ta Khartum. Ya dawo da ƙwarewa da takardar shaida, yana ganin jama'a za su yi tururuwa su ga abin da ya koyo. Ya shirya nunin zane-zanensa, amma mutanen gari ba su nuna wata sha'awa ba. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari, cewa ya gane aikin nasa bai yi wa mutanensa magana ba ko kaɗan.

A nan ne halin mutumin ya fito. Da wani ne, da sai ya ce mutanensa jahilai ne, ba su waye ba, ya tattara ya koma inda ake yaba masa. Salahi sai ya mayar da tambayar kansa: me mutanen nan suke kallo su ji daɗi? Ya shiga gidajen jama'a yana lura da abin da suka rataya a bango da abin da suke amfani da shi yau da kullum. Ya tarar da abubuwa iri biyu a kusan kowane gida. Na farko rubutun Larabci, ayoyi da addu'o'i cikin kyakkyawan hannu. Na biyu kuwa adon gargajiya da ke jikin faifai da tabarma da ƙwarya da kayan fata. Ashe abin da ya tafi Landan nema, tushensa yana nan a zauren mahaifinsa. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Daga nan ya sake lale. Tare da abokan aikinsa irin su Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq, suka buɗe wata hanya ta zane wadda daga baya aka riƙa kira Makarantar Khartum. Manufarta ita ce a gina zanen zamani a kan rubutun Larabci da adon gargajiyar Afirka, tun da Sudan ta gaji duka biyun.

YADDA HARAFI YA ZAMA ZANE

Yanzu bari mu shiga cikin aikin kansa, domin a nan gwanintar take. Da farko Salahi yakan sa kalmomi da ayoyi a cikin zanensa yadda za a iya karanta su. Sannu a hankali sai ya fara warware harafi, ya raba shi gaɓa-gaɓa, ya ajiye sautinsa da ma'anarsa a gefe, ya tsaya yana kallon surarsa kawai. Ku tuna yadda ake karantar da mu babbaƙu: alif a miƙe yake kamar sanda, nun yana da ciki kamar ƙwarya, sin yana da haƙora, mim yana da kai da jela. Malamanmu na allo ma da siffa suke rarrabe mana baƙaƙe. To, Salahi ya ɗauki waɗannan siffofi, ya ja wannan ya yi tsawo, ya lanƙwasa wancan, ya kuma lura da sararin da ke tsakanin harafi da harafi, wanda mai karatu ba ya kula da shi. Ya ba da labarin cewa da ya fasa haruffan, sai surori suka riƙa fito masa daga cikinsu: fuskoki masu tsawo da zurfafan idanu, tsuntsaye, dabbobi, tsirrai da jinjirin wata.

Abu na biyu shi ne layinsa. Wanda ya taɓa fiƙe alƙalamin kara ya san cewa bakinsa a karkace yake, saboda haka idan aka ja shi ta wannan gefe layi ya yi kauri, idan aka juya ya yi siriri kamar gashi. Hannun Salahi ya saba da wannan tun yana yaro, kuma shi ne ƙashin bayan zanensa. Layi guda zai faro da kauri, ya sirance, ya naɗe, ya koma ya zama gefen fuska ko fiffiken tsuntsu ba tare da ya yanke ba. Inda yake son duhu, ba ya shafe wurin da tawada. Sai ya jera ƙananan layuka ɗaruruwa kusa da juna, wasu su gitta wasu, kamar yadda masaƙi ke haɗa zare. Inda layukan suka matsu wurin ya yi duhu, inda suka sassauta haske ya shigo. Idan mutum ya tsaya daga nesa zai ga sura guda, idan ya matso sai ya tarar cikinta cike yake da wasu ƙananan surori, kowace da nata adon. Irin wannan aiki yana cin kwanaki da makonni, kuma tawada ba ta goguwa, don haka kowane layi sai an yi shi da natsuwa. An ruwaito cewa yakan yi salla kafin ya zauna zane.

Abu na uku shi ne launi. A shekarun 1960 ya taƙaita kansa ga launukan ƙasar Sudan: jar ƙasa, ruwan ƙasa, rawaya mai duhu, baƙi da fari. Ya guje wa launuka masu ƙyalli da gangan, domin yana son mutumin Umdurman ya kalli hoton ya ga kalar bangon gidansu. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa na wannan zamani, wanda ya yi tsakanin 1961 da 1965 a kan mafarkan ƙuruciya, a kan damuriya ya zana shi, wato farin saƙin auduga na gargajiyar Sudan. A 1963 ya yi wani mai suna Jana'iza da Jinjirin Wata, domin tunawa da Patrice Lumumba na Kwango da aka kashe a 1961: mutane ne ramammu ɗauke da gawa a bisa kawunansu, ga wata a sama. A 1964 kuma, bayan rasuwar mahaifinsa, ya yi wani mai suna Sauti na Ƙarshe, inda ya yi ƙoƙarin nuna addu'ar da ake yi wa mai barin duniya, siffofi suna bazuwa daga tsakiya zuwa gefe kamar yadda sauti ke bazuwa.

IBADAN DA SAURAN DUNIYA

Wani abin da zai ba ku sha'awa shi ne, Nijeriya tana cikin wuraren da aka fara gane darajar wannan mutum a wajen ƙasarsa. A 1961 aka kafa ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari a Ibadan, wadda su Wole Soyinka da Chinua Achebe da Bajamushen nan Ulli Beier suke ciki. A wannan shekara aka nuna zane-zanen Salahi a can, a 1962 kuma Mbari ta buga ɗan littafi na zane-zanensa. A daidai wannan lokaci, wasu ɗalibai a Zariya suna kan irin wannan tunani. A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa dole a haɗa abin da aka koyo daga Turawa da abin da aka gada. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar yadda Salahi ya koma ga allo. A ƙasarmu aka yi wannan yunƙuri, amma galibin masu yin sa 'yan kudu ne. Allo da zayyana suna nan kewaye da Zariya a lokacin, sai dai 'ya'yan masu su ba su cika shiga ajin zane ba.

Daga nan duniya ta buɗe wa Salahi. A 1962 ya sami tallafin UNESCO ya ziyarci Amurka da Kudancin Amurka. Ya halarci bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966, da na Aljiyas a 1969. Shi ne ya yi zane-zanen da ke cikin fassarar Ingilishi ta littafin Auren Zain na abokinsa, shahararren marubucin Sudan Ɗayyib Salih. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Sudan da ke Landan a ɓangaren al'adu daga 1969 zuwa 1972, sa'an nan aka kira shi gida ya zama babban jami'i a Ma'aikatar Al'adu da Watsa Labarai, a zamanin mulkin Ja'afar Numairi.

KURKUKUN KOBAR

A watan Satumba na 1975 wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Numairi, ba su yi nasara ba. A cikin kame-kamen da suka biyo baya aka kama Salahi bisa zargin yana da hannu, aka kai shi kurkukun Kobar da ke Khartum. Ya yi wata shida da kwana takwas a tsare, ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali ba. Jiya yana babban ofis, yau yana kwana a ƙasa cikin cunkoso.

A gidan yarin an haramta wa fursuna riƙe takarda ko abin rubutu, wanda aka kama kuwa sai a kulle shi shi kaɗai. Duk da haka Salahi ya samo guntun fensir ya ɓoye. Takardarsa ita ce irin ta buhun siminti wadda ake naɗo abinci a ciki. Yakan yayyaga ta ƙanana yadda za su ɓuya a tafin hannu, ya yi zane a kan ƙyalle guda, idan ya ji motsin gandiroba ya binne a cikin rairayi. Da yake ƙyallen ba ya ɗaukar babban hoto, sai ya riƙa zana ɗan ƙaramin abu a tsakiya, gobe ya ɗauko wani ƙyalle ya ci gaba daga gefen na jiya, jibi ya ƙara wani. Da aka sake shi a watan Maris na 1976, waɗannan zane-zane suna can cikin rairayin Kobar, amma ya fito da dabarar a kansa.

Bayan fitowarsa, yana zaman ɗaurin talala a gida, ya cika wani ɗan littafi da zane-zane 38 na tawada tare da rubuce-rubucen Larabci, yana fitar da abin da ya gani don kada baƙin ciki ya ci shi. A ciki akwai ƙofofi masu ƙarafa, da fuskoki a bayan waya, da tsuntsu da ke yawan dawowa. Wannan Littafin Kurkuku yanzu yana gidan zane-zanen zamani na New York da ake kira MoMA, an kuma buga shi a 2018 domin kowa ya gani.

HOTO MAI TSIRO

A 1977 Salahi ya bar Sudan ya koma Ƙatar, inda ya yi shekaru kusan 20 yana aiki a Ma'aikatar Watsa Labarai. A tsawon wannan zama ya kusan barin launi gaba ɗaya, ya tsaya ga baƙar tawada da farar takarda. A nan ya raya dabarar da ya koyo a kurkuku. Yakan fara da takarda guda, ya sa ɗan ƙwayar zane a tsakiya ba tare da ya san inda za ta kai shi ba. Idan layi ya kai bakin takarda yana neman wucewa, sai ya ɗauko wata ya jona, zanen ya ci gaba ta dama ko ta hagu, ta sama ko ta ƙasa. Kowace takarda hoto ce mai zaman kanta, idan kuma aka jera su sai su zama babban hoto guda. Shi da kansa yana kwatanta abin da yadda iri ke tsira ya yi rassa.

Mafi shahara a wannan salo shi ne aikin da ya yi a 1984 zuwa 1985, wanda sunansa ke nufin Abin da Babu Makawa. Falle tara ne, idan aka haɗa su tsawo da faɗi kowanne ya haura mita biyar, duk da baƙar tawada. Hoton jama'a ne sun yunƙuro, hannuwa a dunƙule sama, jikkuna sun cakuɗe da ƙarafa da makamai. Tun yana Kobar ya fara tunaninsa. A watan Afrilu na 1985 kuwa mutanen Sudan suka fito kan tituna, mulkin Numairi ya faɗi. Aikin yana gidan zane-zane na Jami'ar Cornell a Amurka. Ku duba ikon Allah: ƙyallen takardar siminti da bai kai tafin hannu ba, shi ya haifi hoton da ya cika bango.

ITACEN GAWO

A 1998 Salahi ya koma birnin Oxford na Ingila da zama. A can, cikin sanyi da korayen itatuwan Turai, sai hankalinsa ya koma ga wani itace na bakin Nilu da mutanen Sudan ke kira haraza. Jama'a, wannan itace ba baƙonmu ba ne, gawo ne. Kowane manomi a nan ya san halinsa: da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara, da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, domin ba ya tare masa rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Mutanen Sudan suna da labarin cewa haraza ta yi faɗa da ruwan sama, shi ya sa ba ta shan sa tare da sauran itatuwa.

Salahi ya yi shekaru yana zana wannan itace, zane bayan zane. Ba ya zana shi kamar yadda kyamara za ta ɗauka. Sau da yawa layi guda ne a miƙe daga ƙasa zuwa sama, kamar alif, sa'an nan siraran layuka masu launi su jeru a gefensa, a tsare kamar an auna da ma'auni, har mutum ya rasa ko itace yake kallo ko shafin littafi mai zayyana. A wurinsa gawo misali ne na mai tsayawa a kan halinsa ko da kowa ya bi wata hanya, kuma layin da ya haɗa saiwa da sama yana nuni da alaƙar bawa da Mahaliccinsa.

Girmamawa ta zo masa a wannan zango na rayuwa. A 2001 aka ba shi lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan. A 2012 aka yi babban nunin ayyukansa na tsawon rayuwa a Sharja da Doha, wanda masanin nan ɗan Sudan Salah Hassan ya tsara. A 2013 nunin ya isa Tate Modern a Landan da ayyuka sama da 100, ya zama ɗan Afirka na farko da wannan gida ya yi wa irin wannan karramawa. Yana da shekara 82 a lokacin da aka buɗe shi. A 2017, da gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga ƙasarta, har da Sudan, MoMA ta ɗauko zanensa mai suna Masallaci na 1964 ta rataya shi a tsakiyar manyan masu zanen Turai domin nuna rashin amincewarta.

TSUFA DA KWALIN MAGANI

Da tsufa ya kama shi, ciwon baya mai tsanani ya hana shi tsayuwa gaban manyan takardu. Daga wajen 2016 sai ya koma zane a zaune a kujera. Takardarsa a wannan karo ita ce kwalayen magungunan da yake sha: idan ƙwayoyin suka ƙare sai ya warware kwalin, ya juya cikinsa, ya zana a kai, haka kuma bayan ambulan ɗin wasiƙu. Ya yi ɗaruruwan irin waɗannan, ya ce idan ya nutsa cikin zanen yakan manta da ciwon. Layukan nan dai su ne, sirara, a matse, suna bin lanƙwasar kwalin da ramukansa. A 2022 aka nuna wasu daga cikinsu a babban bikin zane-zane na birnin Venis a Italiya, da kuma wani gidan nunin zane a New York. Mutumin da ya fara da allo, ya bi ta takardar siminti, ya zo ga kwalin magani, bai taɓa jiran sai kayan aiki sun cika ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan'uwa, yawancinku a birni kuke zaune, 'ya'yanku a can aka haife su. A cikinsu babu shakka akwai wanda ba ya ganin takarda ya ƙyale ta. Roƙonmu na farko shi ne kada ku maimaita kuskurenmu. Ku saya masa littafin zane da alƙalami, ku ware masa lokaci bayan ya gama aikin makaranta. Hannun da ya saba da layi shi ne gobe zai zana taswirar gini, ya tsara adon atamfa, ya ƙawata littattafan da yaranmu ke karantawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun san akwai maganar malamai game da zana surar abu mai rai. Wannan fage nasu ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da za mu ce kawai shi ne, fagen zane yana da faɗi: da yawa daga itatuwan Salahi babu surar mutum ko dabba a cikinsu, haka zayyanar allo, da aska takwas a gaban riga, da dagi a bangon soro.

Roƙo na biyu shi ne ku nuna wa yaran abin da suka gada. Salahi ya iya komawa ga allo ne saboda ya taɓa riƙe shi. Yaron da bai taɓa ganin mai zayyana yana aiki ba, bai taɓa zama wurin baduku ko mai sassaƙa ƙwarya ba, idan ya je babbar makaranta ya dawo, ina zai koma? Idan kun zo hutun salla, ku kai su wurin waɗannan dattawa tun suna raye. Ku kai su su ga aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Tsofaffin sorayenmu masu ado da ake rushewa ana sa bulo, a ɗauki hotunansu kafin a taɓa su. Abin da aka gada yana iya salwanta cikin ɗan lokaci: a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, har gidan tarihin ƙasa da ke Khartum sai da aka wawashe.

Roƙo na uku ga 'yan'uwanmu malaman makaranta ne da ke bakin aiki. Lokacin zane da ke jadawali a bar wa zane. Idan babu fenti akwai gawayi da jar ƙasa, idan babu takarda akwai bayan kwali. A gayyato mai zayyana na gari ya shiga aji ko sau ɗaya a zango, a biya shi haƙƙinsa kamar kowane malami.

KAMMALAWA

Mun ga yadda ɗan malamin allo daga Umdurman ya je Landan ya koyo ilmi, ya dawo mutanensa suka kau da kai, ya ƙasƙantar da kansa ya koyi kallon abin da suke kallo, daga nan ne kuma duniya ta waiwayo shi. Muna ba ku shawara, idan kun koma masauki, ku nemi hotunan aikinsa a wayoyinku, ku buɗe guda ɗaya ku faɗaɗa shi, ku bi layi guda da ido daga farkonsa zuwa ƙarshe tare da 'ya'yanku. Gani ya kori ji.

Ga tsofaffin ɗalibanmu da ke cikin wannan zaure, waɗanda muka taɓa karɓe wa littafi saboda zane, muna neman afuwarku. Wanda har yanzu hannunsa ke ƙaiƙayi, ya koma ya ɗauki alƙalami, Salahi ya haura shekara 85 yana zane a kan kwalin magani.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure ya yafe mana. Allah ya zaunar da ƙasar Sudan da tamu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.